Yaron da ya makara wajen magana: abin da za mu yi tun da wuri

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata na ƙasar Kurfai, a wannan fitowa shafinmu na lafiya zai yi bayani a kan yaran da suke makara wajen magana. In mun ce yaro, har da yarinya muke nufi.

Irin waɗannan yara ba baƙi ba ne gare mu. Akwai su a cikin garin Filinge, akwai su a Cikal da Luma da Tukunus, akwai su a rugage. Yaro ya cika shekara biyu, ya shiga ta uku, yana gudu, yana cin tuwo da hannunsa, amma bakinsa shiru. In yana son ruwa sai ya ja zanen uwarsa, ko ya fashe da kuka. Iyaye su shiga damuwa. Maƙwabta kuwa su ce: "Ku ƙyale shi, nauyin baki ne. In lokacinsa ya yi zai yi magana."

Gaskiya ne, da yawa daga cikin yaran da suka makara sukan cim ma tsaransu da kansu. Amma ba duka ba. Kuma babu mai iya duban yaro da ido kawai ya ce wannan zai cim ma tsaransa, wancan ba zai cim musu ba. Shi ya sa zaman jira yake da hatsari. Manomin da ya ga shukarsa ba ta fito ba, ba ya naɗe hannu har kaka. Yakan tona ramin ya ga dalili, ya sake shuka tun damina ba ta yi nisa ba.

Abu biyu ne aikinmu. Na farko, a duba kunnen yaron da lafiyarsa tun da wuri. Na biyu, a riƙa koya masa magana a gida kowace rana, ta hanyar da masana suka gwada suka ga tana da amfani.

Yaya yaro yake koyon magana?

Magana ta kunne take shiga kafin ta fito ta baki. Jariri yana jin muryar uwarsa tun yana ciki, a watannin ƙarshe. Bayan haihuwa yana saurare, yana kallon baki, yana tara kalmomi a kansa. A shekaru uku na farko ƙwaƙwalwar yaro tana girma da saurin da ba za ta ƙara yin irinsa ba. Wannan ne lokacin da koyon harshe ya fi sauƙi.

Ga yadda yawancin yara suke tafiya:

Wata 2 zuwa 3: yana murmushi in an yi masa wasa, yana fitar da ƴar murya.

Wata 6: yana waiwayawa wajen da ƙara ta fito, yana dariya.

Wata 7 zuwa 9: yana gwaranci, yana cewa "ba-ba-ba", "da-da-da".

Shekara 1: ya san sunansa, yana nuni da yatsa, yana ɗaga hannu a ɗauke shi. Kalmar farko takan fito a wannan lokaci, kamar "Inna" ko "Baba".

Shekara 1 da rabi: yana da kalmomi kamar goma ko fiye, yana gane ƙaramin aike, kamar "kawo takalmi".

Shekara 2: yana haɗa kalma biyu, kamar "ba ni", "Baba tafi". Kalmominsa sun kai 50 ko sun wuce.

Shekara 3: yana haɗa kalma uku ko huɗu, mutanen gida suna gane yawancin abin da yake faɗi.

Shekara 4: yana ba da ɗan labari, har baƙo yana gane maganarsa.

Yara ba su tafiya daidai wa daida. Wani ya riga da wata ɗaya ko biyu, wani ya biyo baya. Wannan ba abin tsoro ba ne.

Alamomin da ba a jira da su

Amma akwai alamomi biyar. In mun ga ko ɗaya daga cikinsu, sai mu kai yaron gidan likita:

1. Ya cika shekara 1 ba ya gwaranci, ba ya nuni da yatsa, ba ya waiwayawa in an kira sunansa.

2. Ya cika shekara 1 da rabi bai faɗi kalma ko ɗaya ba.

3. Ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya gane ƙaramin aike sai an nuna masa da hannu.

4. Ya cika shekara 3 mutanen gida ba su gane maganarsa.

5. Ya fara gwaranci ko magana, daga baya ya daina. Wannan ko a wace shekara ce, a gaggauta.

Me ke kawo wannan matsala?

Babban abin da za mu fara tunani shi ne kunne. Yaron da ba ya ji ba zai iya maimaita abin da bai ji ba. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce yara miliyan 34 ne a duniya suke da rashin ji mai tsanani. Ta ce kuma kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara ana iya kauce masa.

A ƙasarmu sanƙarau yana cikin manyan cututtukan da ke kashe kunne. Yakan zo lokacin hunturu da bazara, sa'ad da ƙura da zafi suka yi yawa. Dattawa ba su manta da annobar 1995 da 1996 ba. A watan Satumba na 2010, gundumar Filinge ce aka zaɓa a Nijar don fara sabuwar allurar rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac, aka yi wa mutane daga ɗan shekara 1 zuwa ɗan shekara 29. Wannan allura ta karya ƙarfin sanƙarau iri na A. Amma akwai wasu ire-irensa. A 2015 iri na C ya kama mutane fiye da 8000 a Nijar. Cikin mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau, kusan ɗaya yakan fita da wata naƙasa, kuma kurumta tana cikin waɗanda aka fi gani. Saboda haka duk yaron da ya warke daga sanƙarau, a nemi a auna jinsa ba tare da ɓata lokaci ba.

Sai kunnen da ke zubar da mugunya. Mun saba ganinsa har mun ɗauke shi ƙaramin abu. Alhali in ya daɗe yana rage ji ƙwarai. Ƙyanda, wadda muke kira dussa, da hangum su ma suna iya taɓa kunne. Haka wasu allurai masu ƙarfi, in an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa bai kamata mu sayi allura wajen masu tallar magani a kasuwa ba.

Abu na biyu shi ne abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Haihuwa mai wuya wadda jariri ya daɗe bai yi kuka ba, ko haihuwar bakwaini, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai har yaro ya yi jijjiga ya suma. Irin wannan yaro sau da yawa yakan makara wajen zama da tafiya ma.

Abu na uku shi ne tamowa. Yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki ba shi da ƙarfin wasa, wanda ba ya wasa kuwa ba ya koyo da sauri. Rashin sinadarin iyod a jikin mace mai ciki, wanda ke kawo maƙoƙo, shi ma yana rage kaifin ƙwaƙwalwar jariri. Maganinsa gishiri mai iyod.

Akwai kuma wani hali da likitoci ke kira otizim. Yaron yana ji, amma ba ya yawan kallon idon mutane, ba ya nuna wa uwarsa abin da ya gani, ya fi son wasa shi kaɗai, yana maimaita abu ɗaya, kuma canji kaɗan yana tayar masa da hankali. Ana samun wannan a kowace ƙasa, wajen yaro 1 cikin 100.

Wani yaron kuwa kunnensa lafiya, jikinsa lafiya, hankalinsa lafiya, harshe ne kawai yake yi masa wuyar koyo. Binciken da aka yi a Amurka da Ingila ya nuna wajen yara 7 cikin 100 suna da wannan. Sau da yawa akan sami wani a dangi da ya yi irinsa.

Daga ƙarshe akwai firgita. Tun 2012 ƴan gudun hijira daga Mali suka sauka a Abala, daga baya kuma rashin kwanciyar hankali ya raba iyalai da yawa na jahar Tillaberi da garuruwansu. Yaron da ya ga abin tsoro yana iya yin shiru bayan ya iya magana. Irin wannan yana bukatar rarrashi, da zama kusa da wanda ya saba da shi, da ganin ma'aikacin lafiya.

Abubuwan da ake zargi, alhali ba su ne ba

Mutane da yawa in yaro bai yi magana ba sai su ce linzami ne, a kira wanzami ya yanke. Linzami ƴar fata ce a ƙarƙashin harshe, kowa yana da ita. In ta yi gajarta ƙwarai tana iya hana jariri kama nono da kyau. Amma ba ta hana yaro gane magana, ba ta hana shi tara kalmomi. Yankan linzami ko na beli ba ya buɗe bakin yaro. Abin da yake iya kawowa shi ne zubar jini, da ƙwayoyin cuta, da ciwon da zai hana shi cin abinci. In muna shakka, likita ya duba.

Wasu kuma su ce harsuna ne suka yi wa yaron yawa. A ƙasarmu gida ɗaya ana iya jin Hausa da Zabarmanci, ko Hausa da Tamashek, ko Fulatanci. Masana sun bincika sun ga harshe biyu ba ya hana yaro magana. Kowa ya yi masa magana da harshen da ya fi iyawa.

Wasu su ce namiji ne, maza ba su saurin baki. Bambancin da ke tsakanin maza da mata a nan kaɗan ne. Namijin da ya cika shekara 2 ba kalma, a duba shi kamar yadda za a duba mace.

Wasu su ce taurin kai ne, ko iska, ko baki, ko laifin uwa. Yaro ba ya ƙin magana da gangan, duka kuwa tsoro kawai yake ƙara masa. Uwa ma ba ita ta jawo ba. Duk abin da iyali suka yi niyyar yi na addu'a, kada ya hana su zuwa gidan likita a makon nan.

Mu fara da kunne

Ga ƙaramin gwaji da za mu iya yi a gida. Uwa ta zauna da yaron a cinyarta a wuri marar hayaniya. Wani ya tsaya bayansu, taku ɗaya, inda yaron ba ya ganinsa, ba ya ganin inuwarsa. Ya kira sunan yaron da murya ƙasa-ƙasa ta gefen dama, ya jira, sannan ta gefen hagu. Ya sake gwadawa da gwangwani mai ƴan tsakuwoyi. Kada ya buga ƙafa a ƙasa, domin kurma ma yana jin motsin ƙasa a jikinsa.

Mu lura da abu ɗaya. Yaro yana iya jin ganga da kukan jaki da tsawa, amma bai ji maganar mutane sosai ba. Don haka gwajin gida ba ya isa a ce kunne lafiya. Awon gaskiya sai da na'ura.

Mu fara da gidan likita mafi kusa, wato CSI, mu tafi da karnen awon yaron. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Ma'aikacin lafiya zai duba kunne, ya auna nauyi, ya ga ko rigakafi ya cika. In abin ya fi ƙarfinsa zai tura mu asibitin gunduma a Filinge. Daga can ana iya tura mu Yamai, wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro a babban asibitin ƙasa. Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe kuwa ana yi masa aiki. Asibitin yara na CURE, wanda aka buɗe a Yamai a 2010, yana cikin masu yin wannan aiki.

In kunne yana zubar da mugunya, a naɗe ƙyalle mai tsabta a tsane shi sau uku a yini, a yi amfani da maganin da likita ya rubuta. Kada a ɗiga mai, ko ruwan ganye, ko nono. Kada a sa ashana ko gashin kaza. Kada a mari yaro a kunne.

Su wane ne masu gyaran magana?

Akwai ma'aikatan lafiya da aikinsu shi ne koya wa yara da manya magana. Da Faransanci ana kiran mai wannan aiki ortofonis. Ba ya yin allura, ba ya yin tiyata. Yakan zauna da yaro a tabarma, ya yi wasa da shi, ya gane abin da yaron yake fahimta da abin da yake iya faɗi. Sannan ya tsara matakai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Wannan aiki sabo ne a yankinmu. A 2003 aka fara koyar da shi a birnin Lome na ƙasar Togo. A Nijar masu yinsa ƙalilan ne, kuma a Yamai aka fi samunsu. Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne. Babu manomin da zai iya wannan tafiya kowane mako.

Amma ga abin da zai ƙarfafa mana zuciya. Ko a ƙasashen da masu wannan aiki suke da yawa, sun gane cewa awa ɗaya a mako ba ta isa. A 1975 wata mai gyaran magana a ƙasar Kanada, Ayala Manolson, ta fara tara iyaye tana koya musu yadda za su taimaki ƴaƴansu a gida. Hanyarta ta yaɗu zuwa ƙasashe da yawa.

A ƙasar Jamaika kuma, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 ƴan wata 9 zuwa wata 24 waɗanda rashin abinci ya hana su girma. Wasunsu, ma'aikatan lafiya na unguwa suna zuwa gidajensu awa ɗaya kowane mako har shekara 2, suna nuna wa uwaye yadda ake wasa da hira da yaro, da kayan wasa na gida. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran. Waɗanda aka yi wa wannan ziyara sun fi sauran samun kuɗi da wajen kashi 25 cikin 100. Talakawa ne uwayen nan, kamar mu. Abin da suka yi, mu ma muna iyawa.

Yadda za mu koya wa yaro magana a gida

Ba a bukatar kuɗi, ba a bukatar barin aiki. Cikin aikin yau da kullum ake yi.

1. Mu sauko daidai tsayinsa. Mu durƙusa ko mu zauna, ya ga fuskarmu da bakinmu. Yaron da ke goye a baya yini guda yana jin murya, amma ba ya ganin baki. In an sauke shi, a juyo da shi gaba.

2. Mu bi abin da idonsa yake kallo. In akuya yake kallo, maganar akuya za mu yi. Yaro ya fi riƙe sunan abin da ransa yake so.

3. Mu faɗi abin da muke yi. Wajen wanka: "Ruwa. Ga ruwa. Wanke hannu. Wanke ƙafa." Wajen daka: "Turmi. Hatsi. Daka, daka." Wajen tatsa: "Saniya. Nono. Ga nono."

4. Mu gajarta magana, mu yi ta a hankali, mu maimaita. Kalma ɗaya sai yaro ya ji ta sau da yawa, a wurare dabam-dabam, kafin ta zauna.

5. Mu jira. Wannan shi ne mafi wuya. In mun yi magana, mu yi shiru, mu kalle shi, mu ƙirga har goma a zuci. Ko ya yi ƴar ƙara, ko ya miƙa hannu, ko ya kalle mu, amsa ce. Mu karɓa da fara'a.

6. Mu ba shi zaɓi. Maimakon mu miƙa masa abu tun bai nema ba, mu riƙe biyu mu ce: "Fura ko ruwa?" In ya nuna fura, mu ce: "Fura! Ga fura," mu ba shi. Kada a hana shi abinci ko ruwa wai sai ya faɗa.

7. Mu ƙara kalma ɗaya a kan tasa. In ya ce "mota", mu ce "mota ta tafi". In ya ce "Baba tafi", mu ce "Baba ya tafi gona".

8. Kada mu yi masa dariya, kada mu ce bai iya ba. In ya ce "uwa" yana nufin ruwa, mu ce: "I, ruwa." Ya ji daidai, kuma bai ji kunya ba. Yawan "ce kaza, ce kaza" yana sa yaro ya ƙara rufe baki.

9. Mu haɗa magana da hannu. In mun ce "zo", mu yafuto. In mun ce "ci", mu kai hannu baki. In mun ce "ya ƙare", mu buɗe tafin hannu. Alamar hannu ba ta hana magana fitowa, taimaka mata take yi. Kuma yaron da ke iya nuna abin da yake so yakan rage kuka da fushi.

10. Mu yi wasa da waƙa. Kukan dabbobi yana da sauƙin kwaikwayo: "mee", "muu". Waƙar raino da tafi da tatsuniya duk makaranta ce. In yaro ya saba da wata waƙa, mu tsaya kafin kalmar ƙarshe mu ga ko zai cika. Shanun laka, da motar kara, da ƴar tsana, da tuwon ƙasa sun isa kayan koyarwa.

11. Mu rage hayaniya. Lokacin hira da yaro a kashe rediyo. Salula ba ta koya wa ƙaramin yaro magana, domin ba ta amsa masa. A 2019 OMS ta ba da shawara kada a bar yaron da bai kai shekara 2 ba yana kallon salula ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Minti goma da safe, minti goma da rana, minti goma da dare, kowace rana, ya fi awa biyu rana ɗaya a mako. Ci gaban yakan zo a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin na gida duka ne

Uwa ita kaɗai ba za ta iya ba. Ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace, ga gona. Uba in ya dawo da marece ya ɗora yaron a cinya, ya nuna masa hauya da igiya da jaki, yana faɗin sunayensu. In uba ya tafi cin rani, kawu ko baffa ya tsaya a madadinsa. Yayyen da ke raino a koya musu jira da maimaitawa, a hana su tsokana.

Akwai al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Kunya abu ne mai kyau, amma yaron da ya makara yana bukatar muryar uwarsa. In ba ta iya yi a tsakar gida, ta yi a cikin ɗaki. Kaka kuwa ba ta da wannan kunya. Tsakaninta da jika wasa ne, ga ta da lokaci, ga ta da tatsuniya. A gidaje da yawa kaka ce za ta fi kowa iya wannan aiki.

Kada a ɓoye yaron a ɗaki don gudun bakin mutane. A bar shi ya shiga cikin tsaransa, ya je suna, ya je biki, ya bi yayyensa.

In yaron kurma ne fa?

Wani yaron ko an yi duk abin da muka faɗa ba zai yi magana da baki ba, domin kunnensa ba ya ji. Wannan ba ya nufin ba shi da hankali. Harshensa a hannu yake. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tun kaka da kakanni, da ita suke ciniki, da ita suke hira. Abin da ke cutar da yaro kurma shi ne ya girma ba harshe ko ɗaya, ba na baki, ba na hannu. Saboda haka a fara yi masa maganar hannu tun yana ƙarami, gida duka su koya. In akwai babban kurma a gari, a kai yaron wurinsa, malami ne.

Akwai makarantun kurame. A Yamai akwai makarantar Hassane Bana Ba, akwai kuma a Maraɗi da Damagaram. A Kano akwai ta Tudun Maliki, wadda aka buɗe a 1977. Yaron da ke da sauran ji kuwa, na'urar da ake maƙalawa a kunne tana iya taimakonsa, in likita ya auna ya ga ta dace. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce su ma suna da haƙƙin karatu kamar kowa.

Rigakafi ya fi magani

Mace mai ciki ta je awo, ta haihu a gidan likita. A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, sannan a ƙara masa kunu mai wake ko gyaɗa, da ƙwai, da nono, da zogale. A cika rigakafi duka. A kwana cikin gidan sauro. Tun 2013 aka fara rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a Nijar lokacin damina, ga yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5. In masu rabo sun zo, a karɓa, a ba yaro na kwana uku cif. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko suma, a tafi gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne.

Ga inda karatunmu zai yi amfani

Mu da muka koyi karatu da rubutu muna da abin da za mu ƙara. Mu sami ƙaramin littafi. Duk ranar da yaro ya faɗi sabuwar kalma, ko ya yi sabuwar alama da hannu, mu rubuta ta da kwanan wata. Mu rubuta kuma ranar da ya yi zazzaɓi ko ciwon kunne. Bayan wata uku mu ƙirga. In kalmomi suna ƙaruwa, mu ci gaba. In ba su ƙaruwa, mu koma gidan likita da littafin a hannu. Ma'aikacin lafiya zai fi gane matsalar in ya ga abin a rubuce.

Mu karanta wa maƙwabtanmu da ba su iya karatu ba wannan shafi. A ajinmu na yaƙi da jahilci kuma mu tattauna waɗannan tambayoyi: Yara nawa ne a garinmu suka wuce shekara 2 ba su magana? Nawa ne aka taɓa duba kunnensu? Wane ne a cikinmu zai raka iyayensu gidan likita?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'armu, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.